Filin jirgin saman Kano: sansanin yaƙin da ya koma ƙofar Makka

A watan Oktoba na shekarar 2023 ne jerin motocin sojan Faransa suka fara barin Wallam, maƙwabciyar Filinge ta yamma, kuma ranar 22 ga Disamba sojansu na ƙarshe ya tashi daga Yamai. Ranar 5 ga Agusta 2024 Amurkawa su ma suka miƙa wa sojojin ƙasarmu sansani mai lamba 201 da ke Agadas. Baƙi sun naɗe tabarmarsu, amma sun bar titunan saukar jirage, da rumfuna, da rumbunan mai. To, mene ne makomar filin jirgin da yaƙi ya gina in masu shi suka tafi? Ba mu ne farkon waɗanda wannan tambaya ta sha wa kai ba. Kanawa sun gamu da ita a 1945, kuma amsar da suka bayar ta isa 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙasarmu su tsaya su dube ta da kyau.

Jirage uku a filin dawaki

Duk ɗan kasuwar Filinge, ko Shikal, ko Abala da ke zuwa sarin kaya Kantin Kwari ya san filin jirgin saman Malam Aminu Kano, can arewa da Sabon Gari. Wasu ma ta nan suka tashi zuwa Jidda. Amma ba kowa ya san cewa shi ne filin jirgi mafi daɗewa a Nijeriya ba, kuma yaƙi ne ya mayar da shi babba.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na birnin. Sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, suka ratsa Sudan da Cadi. Ƙananan jirage ne masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, jikinsu katako da zane, kowanne yana ɗauke da mutum biyu. Madugun tafiyar wani matashin hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Mai karatu ya riƙe wannan suna, don za mu sake gamuwa da shi.

Hanyar da suka biyo ba Nasara ne suka ƙago ta ba. Tsohuwar hanyar alhazai ce: daga Kano zuwa Borno, daga Borno zuwa Wadai, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a wuce Ubayyid da Hartum, har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Kakanninmu sun bi ta da ƙafa, da jaki, da raƙumi. Mutum kan share shekaru yana tafe yana noma yana ƙodago kafin ya ga Ka'aba, da yawa kuma ba su dawo ba. Shi ya sa har gobe ake jin Hausa a Mai Wurno da garuruwan Jazira na Sudan. Nisan da ke cin shekarun alhaji, jiragen nan uku sun cinye shi cikin kwana shida.

Shekara goma bayan haka aka gyara fili na sosai a bayan gari, kuma a watan Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, kafin ya miƙe har Legas a ƙarshen shekarar. A lokacin nan ƙasarmu ba ta bayan kowa. Tun 1935 jiragen Sabena na ƙasar Beljiyam, masu zuwa Kwango daga Burusal, da jiragen Faransa masu tasowa daga Aljeriya, suna ƙetare Sahara su sauka Gawo, su sauka Yamai, su sauka Damagaram, kana su wuce Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Kafin yaƙi, Damagaram da Kano kusan kafaɗarsu ɗaya a harkar jirgin sama.

Yaƙin Hitila ya iso ƙasar Hausa

Ranar 10 ga Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, kwana 12 bayan haka kuma Faransa ta sa hannu a takardar ajiye makamai. Nan take Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sojojinta na Masar suna fuskantar Italiyawan Libiya, suna matuƙar bukatar jiragen sama, ga shi kuwa hanyar ruwan da ta rage ita ce a kewaye Afirka baki ɗaya ta kudu, tafiyar da kan ci wata biyu ko fiye. Sai aka tuna da hanyar Kano.

Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko jirage a warwatse cikin manyan akwatunan katako, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi, a harhaɗa su a can, a tashi da su zuwa Masar. Takoradi ba baƙon suna ba ne ga mutanen Kurfai da Zabarmaganda, don tun shekarun 1920 samarinmu ke zuwa ci-rani ƙasar Gana ta yau, wadda ake ce wa Kurmi. A watan Satumba 1940 akwatunan farko suka iso, kuma a cikin watan ayarin farko ya tashi: jirgi guda mai jefa bam samfurin Blenheim a gaba, ƙananan jiragen faɗa shida samfurin Hurricane suna biye. Babban shi ke ɗauke da mai duba taswira da mai rediyo, ƙananan kuwa bin sa suke kamar yadda fatake ke bin madugu. Wanda ya ɓace wa ayari cikin hazo, sai wani ikon Allah.

Ranar farko a kwana Legas. Rana ta biyu a yi kimanin kilomita 840 zuwa Kano. Daga nan sai Maiduguri, Fort-Lamy, Janaina, Fashir, Hartum, a bi kogin Nilu har Masar. Duka tafiyar ta kusa kilomita 6.000, kwana shida in an samu sa'a. Da rani ga ƙurar hunturu, da damina ga hadari, ga yashi mai cin inji. Har farin fenti ake shafa wa bayan jiragen, don in ɗaya ya faɗi cikin daji masu nema su hango shi daga sama. Duk da haka, daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5.000 suka bi wannan hanya.

Abin da ya ba Kano fifiko a cikin duk zangunan nan shi ne jirgin ƙasa. Tun 1911 dogo ya iso birnin daga Legas, saboda haka man jirgi, da kayan gyara, da siminti, da abincin sojoji suna isowa cikin taragu. Gaba da nan kuwa sai wahala: gangar mai sai ta hau mota ta sha rairayi kafin ta kai Maiduguri ko Cadi. Aka tsawaita titunan sauka, aka gina rumfunan gyara, da ɗakunan kwanan matuƙa, da tashar rediyo, da ofishin duba yanayin sama. Aikin kuwa talakawan Sarki Abdullahi Bayero ne suka yi shi, da diga, da shebur, da kwando a ka.

Ina Coningham? A watan Yuli 1941 aka naɗa shi shugaban sojan saman Ingila na hamadar Masar da Libiya. Jiragen da ke kwana Kano hannunsa suke ƙarewa, kuma da su ya yi yaƙin Alamain na Oktoba da Nuwamba 1942, inda aka karya lagon Jamusawa a Afirka. Hanyar da ya gwada da jirage uku yana saurayi, ita ta ciyar da shi yana janar.

Amurkawa ma ba a bar su a baya ba. A watan Agusta 1941, tun ƙasarsu ba ta shiga yaƙin ba, shugaba Rusbelt ya ba da sanarwar cewa kamfanin Pan American zai kama jigila tsakanin Afirka ta Yamma da Masar. Zuwa ƙarshen 1942 sojan Amurka ya karɓe aikin, Kano ta zama zango a kan doguwar hanyar da ta taso daga Amurka, ta bi ta Barazil da Gana, ta nufi Indiya da ƙasar Sin. Jamusawa sun san darajar hanyar: a watan Janairu 1942 jirginsu guda ya ƙetaro hamada daga Libiya, ya jefa bama-bamai a filin Fort-Lamy, ya ƙone tarin man da aka sha wuya kafin a tara.

Mu kuwa muna bayan ƙofa

Da a ce Cadi ta bi gwamnatin Marshal Petan, da hanyar ta yanke a tsakiya. Gwamnanta, Feliks Ebuwe, shi ya hana: ranar 26 ga Agusta 1940 ya bayyana cewa ƙasar ta bi Janar Digol. Nijar kuwa, tare da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa, ta zauna ƙarƙashin gwamna janar Pierre Boisson na Dakar, wanda ya mayar da Ingilishi da mutanen Digol baya da igwa a watan Satumba na wannan shekara.

Ta haka iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, da wadda ke tsakanin Damagaram da Kano, ta zama iyakar abokan gaba. Fataucin da aka gada kaka da kakanni ya koma fasa-ƙwauri. Hanyar Burusal zuwa Kwango ta yanke. A ƙasar Kurfai, kamar sauran wurare, abin da talaka ya gani na yaƙin shi ne aikin dole, da karɓar hatsi da bisashe, da ɗaukar samari soja. Jiragen da ke ratsa samaniyar Kano kullum, ƙasa da kilomita 250 kudu da Damagaram, babu ko ɗaya da ke iya sauka wajenmu ba tare da an tsare matuƙinsa ba.

Sai a ƙarshen Nuwamba 1942, bayan sojojin Amurka da na Ingila sun sauka Maroko da Aljeriya, Dakar ta sauya sheƙa. Amma kafin nan an riga an zuba dukiyar a Kano, da Maiduguri, da Fort-Lamy. Shekara biyu da 'yan watannin da muka yi a bayan ƙofa sun isa su sauya taswirar jiragen sama ta yankin nan har tsawon zamani guda.

Sojoji sun tafi, fasinja sun zo

A watan Mayu 1943 sauran sojojin Jamus da na Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya, Bahar Rum ya buɗe, ayarin Takoradi suka fara raguwa. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin suka tattara nasu ya nasu, sansanin ya tashi. Ƙananan filaye da yawa da aka share a kan hanyar don saukar gaggawa, ciyawa da geza suka mayar da su daji. Na Kano bai kwana ko shekara guda a banza ba. Hukumar farar hula ta karɓe shi da duk abin da ke cikinsa, ta riƙe rediyo, da masu duba yanayi, da rumbunan mai, da ma'aikatan da suka koyi aiki lokacin yaƙi.

Zamani kuma ya taimaka. Jiragen fasinja na lokacin, masu farfela huɗu, ba sa iya zuwa Kwango ko Afirka ta Kudu daga Turai ba tare da sun sha mai a hanya ba. In jirgi ya ƙetare Sahara cikin dare, wuri na farko da zai tarar da dogon titi, da mai, da makanikai, da abincin fasinja, shi ne Kano. Kamfanin BOAC na Ingila ya riƙa bi ta Tarabulus da Kano zuwa Legas. KLM na ƙasar Holan ya fara sauka a 1947, kan hanyarsa ta zuwa Johanasbag. Sabena ma da ta dawo, Kano ta zaɓa. Damagaram, wadda aka riga aka ƙwace wa babban birni aka kai Yamai a 1926, ta sake yin rashi na biyu. Yamai dai ta riƙe jiragen Faransa.

A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinja. Waɗanda suka ratsa ta wurin a shekarun nan suna tuna mai kakaki bisa raƙumi, wanda ke busa in jirgi ya doso, da dillalan jakunkuna da takalman fata da ke baje haja ga Turawan da suka fito miƙe ƙafa. Masauki, da tasi, da gidajen abinci, da aikin akawu da na duwan, duk sun samu daga filin. A 1960, lokacin rikicin Kwango, ta Kano jirage da yawa masu kai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka sha mai.

Attajirai sun gano amfaninsa

Amma duk wannan arzikin masu wucewa ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya kafa filin Kano da gindinsa shi ne ranar da mutanen gari suka samo masa aikin da su kansu ke bukata, wato aikin hajji.

A 1948 wasu attajiran Kano uku, Alhaji Mahmud Ɗantata, da Alhaji Haruna Kasim, da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka haɗa hannu suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma. Da manyan motoci suka fara, suna bin tsohuwar hanyar Borno da Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Ba da jimawa ba, cikin shekarun 1950, suka shiga yin shatar jirage, tafiyar watanni ta koma ta yini guda. Titin da aka tsawaita don Hurricane ya isa Masar, shi ya zama mashigar Jidda ga Kanawa, da Katsinawa, da Sakkwatawa, har da alhazan Maraɗi da Damagaram da ke ƙetaro iyaka.

Daga wannan tushe ne kamfanonin jiragen sama na 'yan ƙasa suka tsiro. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980. Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, wanda ya fara a 2008, ya yi jigilar alhazan Nijar su kansu shekara da shekaru. Alhaji kuma ba ya dawowa hannu sake: dabino, da zamzam, da darduma, da agogo, da yadi, ta nan hanyar fataucin Jidda ta buɗe, daga baya ta Dubai da ta Sin suka biyo. Nigeria Airways ta mutu a 2003, kamar yadda Air Afrique ta mutu a 2002, amma filin bai mutu tare da su ba, don masu tafiya suna nan.

Baƙaƙen ranaku

Tarihin wurin ba duka ne mai daɗin ji ba. Ranar 1 ga Oktoba 1966 sojojin da suka yi bore suka buɗe wuta a kan 'yan ƙabilar Ibo da ke jiran jirgi a filin, suka kashe mutane da yawa. A watan Agusta 1967, farkon yaƙin Biyafara, manyan jiragen Tarayyar Sobiyet suka sauke jiragen faɗa samfurin MiG a warwatse, aka harhaɗa su a Kano. Filin da yaƙi ya haifa, yaƙi bai taɓa mance hanyar gidansa ba.

Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi samfurin Boeing 707 na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi shata, ya taso daga Jidda da alhazai zai je Legas. Rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato shi Kano, ya faɗi wajen sauka, ya kama wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka riga mu gidan gaskiya. Ranar 4 ga Mayu 2002 kuma jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, fiye da mutum 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu. Filin da aka gina a bayan gari, gari ya zo ya kewaye shi.

Masu wucewa kuwa sun wuce. Da jirage masu dogon zango suka fito a shekarun 1960 da 1970, bukatar shan mai a Kano ta kau, kamfanonin Turai suka janye ɗaya bayan ɗaya. Legas ta samu sabon gini a 1979, Abuja ta zama babban birni a 1991. KLM, da ya fi kowa daɗewa, ya yi ban kwana a 2012, bayan shekara 65. Waɗanda suka maye gurbinsu jiragen gabas ne, na Saudiyya, da Masar, da Habasha, kuma a 2022 Qatar Airways ya buɗe hanyar Doha. Wato filin ya juya fuskarsa inda alhazai da fatake suka dosa tun asali.

Wadi Dum, filin da ba shi da gari

Don a gane abin da ya raya Kano, sai a dubi wani filin da bai samu irinsa ba. A 1984 da 1985 Libiya ta Kanar Gaddafi ta gina babban sansanin jirage a Wadi Dum, arewa maso gabas da Faya, cikin hamadar Cadi. Tsawon titinsa mita 3.800, ya fi na manyan birane da yawa na Afirka a lokacin. Ranar 16 ga Fabrairu 1986 jiragen Faransa suka yi masa ruwan bama-bamai. Ranar 22 ga Maris 1987 sojojin Cadi, ƙarƙashin Hasan Jamus, suka afka masa da ƙananan motoci suka ci shi. Cikin waɗanda aka kama har da Halifa Haftar.

Bayan nan fa? Babu kasuwa, babu dogo, babu alhazai, babu mai abin aikawa ko'ina. Abin da ya rage shi ne gawar tankoki, da rairayi, da nakiyoyin da aka binne, waɗanda masu kwance su suka share shekaru suna fama da su. Kuɗin da aka zuba a Wadi Dum ya ninka na Kanon 1940 nesa ba kusa ba, amma ko buhun dabino bai taɓa cin moriyarsa yadda ya kamata ba. Tsawon titi ba shi ke raya filin jirgi ba. Mutanen da ke da dalilin hawa da sauka su ke raya shi.

Namu filayen

Yanzu mu dawo gida. A Madama, kan hanyar fataken Agadas, Dirku da Sabha, inda Faransawa suka gina ganuwa tun farkon shekarun 1930 don tsaron iyakar Libiya, sojojin Barkhane sun shimfiɗa titin jirgi a 2014, suka janye a watan Yuli 2019. A Agadas, sansani na 201 ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 110, wato sama da miliyar 60 na kuɗin sefa. Jirage sun fara tashi daga cikinsa a 2019, shekara biyar bayan haka masu shi suka tafi. Garin da ke da filin Mano Dayak ya wayi gari da titi biyu.

Babu mai hankalin da zai ce sojojinmu su fita daga waɗannan wurare yau. Mutanen jihar Tilaberi, da suka binne sojoji 71 na Inates a watan Disamba 2019 da 89 na Shinagodar a watan Janairu 2020, sun fi kowa sanin amfanin jirgin da ke isowa da wuri. Sai dai soja da farar hula suna iya cin tuwo a akushi ɗaya: a Yamai sansani na 101 da filin Diori Hamani titi guda suke amfani da shi, haka ma a Kano sojan saman Nijeriya yana zaune gefen masu fasinja. Kuma kowane yaƙi yana da ranar ƙarewa. Tambayar ita ce ko ranar za ta tarar da mu a shirye.

Ga ma'aikatan gwamnati, tarihin Kano ya nuna aiki tun yanzu. A rubuta abin da aka gada, ɗaki ɗaki, inji inji, kada a wayi gari janareto ya yi ƙafa. A yi wa filayen takardar mallaka, a shata iyakarsu, a hana rabon fulotai a bakin titi, don abin da ya faru a Gwammaja ya ishe mu gargaɗi. A ware kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara, saboda kwalta a ƙasarmu, in ba a kula da ita ba, rana ta fasa ta, ruwa ya shiga, rairayi ya rufe. Ma'aikata kuwa ba sai mun je nesa ba: makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, mai horar da masu duba yanayi da masu ba jirage hanya na ƙasashen Afirka da dama, a Yamai take.

Ga 'yan kasuwa, lissafin a fili yake. Jirgin sama ba ya ɗaukar gero, ba ya ɗaukar albasa. Kuɗin dakonsa sai kaya mai tsada, mai saurin lalacewa. A nan ma hanyar Takoradi ta bar misali: a shekarun 1950 filin Fort-Lamy, wanda yaƙi ya faɗaɗa, ya zama babbar tashar aika ɗanyen nama ta sama zuwa Duwala, da Barazabil, da Kinshasa ta yau. Nama kuwa shi ne arzikin Kurfai. Shanun Azawak da gidan kiwon Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, ke tace irinsu tun zamanin Nasara, da bisashen da ke cika kasuwannin Abala, Filinge da Balleyara, har yanzu galibinsu da ransu suke fita ƙasar, su rame a hanya, fata da ƙashi da ribar yanka su zama na wasu. Kurfai ba ta bukatar filin jirgi nata, tun da Yamai kilomita 180 ce kawai. Abin da take bukata shi ne hanya mai lafiya da tsaro, da mahauta ta zamani, da motar sanyi, da attajiran da za su haɗa jari kamar yadda mutum uku suka yi a Kano a 1948. Haka Agadas, in zaman lafiya ya dawo, tana da alhazanta, da bisashenta, da baƙin da a da ke zuwa kallon Abzin da Tenere.

Ingilishi ba don Kanawa suka tsawaita titin Kano ba, kamar yadda Amurkawa ba don mutanen Agadas suka gina sansani na 201 ba. Kowa don kansa ya zo, kuma da bukatarsa ta biya ya kama gabansa. Bambancin Kano da Wadi Dum ya fito ne daga abin da masu gida suka yi bayan tafiyar baƙo. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ginin dai an riga an yi shi. Zanen ya rage ga mahukuntanmu da attajiranmu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar da titunan nan za su ɗauki alhazai da haja.